Butar da Ta Nutse Sau Biyu

Tafkin Harlan, Ohio
Ƙarshen Satumba

Zuwa ga Yaya Lorne,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku lafiya, kai da Maeve da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin Fairbanks ya zo muku da dama bana. Mu nan lafiya lau. Goggo Bernice ta fito daga asibiti, har ta koma faɗa da likitoci, ka san alamar sauƙi ke nan a wurinta. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne saboda a waya kana da dariyar nan taka mai kashe magana, ni kuwa ba na so wannan ta mutu.

Asabar da ta wuce aka yi ranar kwashe shara ta shekara a tafkinmu, yadda Baba ya kafa ta: masu nutso su zo, kowa ya goya tulun iskarsa ya sauka da buhun raga, a fito da abin da mutane suka zubar, a ɗauki hoto, a sha miyar wake. Ina bakin ruwa ina karɓar kaya sai Misis Pruitt, tsohuwar nan da ta haura saba'in amma har yau take nutso kamar kwaɗo, ta ɓullo tana ɗaga wata shuɗiyar buta, tana ihu wai in zo in ga ganima. Aka tafa mata, ni ma na tafa, sai da ta miƙo mini na ga igiya rawaya a mariƙin. Yaya, ƙullina ne. Bara ni na tsamo butar nan daga ƙarƙashin tsohuwar motar makarantar da Baba ya nutsar wa masu koyon nutso, na ɗaure ta da igiyata, na jefa ta motar bola da hannuna. Na daɗe ina koyar da ilimin halittun ruwa a jami'a, ban taɓa karanta cewa buta tana kewar gida ba.

Na tambayi tsohuwar inda ta samo ta, ta ce a arewacin tafkin. Na sa kayana na sauka. Ka tuna ciyawar ƙarƙashin ruwa ta arewa da muka dasa da Baba muna yara, hannuwanmu suna ƙanƙarewa, wadda ƙananan kifaye ke fakewa a cikinta? Ka tuna dokarsa, cewa a wurin ko ƙafa ba ta taɓa ƙasa, a yi iyo a sama a wuce? To, na tarar da tayoyi da kujerar ƙarfe da keken kanti sun danne ta, duk fes, ko santsi ba su yi ba, alamar ba su daɗe a ruwa ba. Su kuma bayin Allah masu taimako sun bi sharar har tsakiyar ciyawar suna ja suna tumɓukewa, laka ta tashi kamar kunu. Kifi ko ɗaya ban gani ba.

Na sami ƙaninmu Wendell a ɗakin cika tulun iska. Bai ma ba ni darajar yi mini ƙarya ba. Ya kalli butar, ya ce wai sannu da aiki, Farfesa, yau bincike ya yi rana. Wai laifinmu ne da muka gyara tafkin fiye da kima: shekarun baya mutane sun yi ta fitowa da buhu wayam, wani da murfin kwalba kawai, sai suka fara janyewa, don ba mai yin doguwar tafiya ya wanke abin da ba shi da datti. Shi ne yake kwaso sharar daga motar bola, ya adana ta a bayan ɗaki a ƙarƙashin tamfol, in ranar ta matso ya loda wa kwale-kwale ya mayar. Wai ai aro yake ba ruwan. Na ce me ya sa arewa, ya ce don nan ne ba a hangowa daga tagar gidana. Na yaba masa, ko ba komai ya yi tunanina. Muna cikin haka matarsa Darla ta shigo da kofi, ta ce haba Yaya Corinne, kada in tayar da hankalina a kan ciyawa, ai su a gida kowa ya sani. Da ɗan gari akan ci gari, sai dai ban san ni kaɗai ce baƙuwa a garin ba.

Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na ƙarshe. Wendell ya ce in daina kallonsa kamar ɓarawon akuya, dabarar ba tasa ba ce, taka ce. Wai kai ka faɗa masa a waya kana dariya, cewa in shara ta ƙare a mayar da ta bara, kuma kada a gaya wa Corinne, ba ta san wasa ba. Na ajiye butar a kan teburinsa, na ce ya kula da ita, ta fi duk ma'aikatansa zuwa aiki. Na fita, na ɗaga ƙofar nan mai gardama kamar yadda Baba ya koya mana, na rufe ta a hankali, na shiga mota na tafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tafkin nan mu uku Baba ya bar wa. Ina so a ja igiya a rufe arewa shekara biyu, in sake dasa abin da ya rage kafin ruwa ya daskare, in ba haka ba saiwar za ta mutu. Ranar shara kuma a yi ta da gaskiya, ko da cokali ɗaya za a tsamo. Wendell ya ƙi, saura bakinka. Ban tambaye ka ko ka faɗi maganar nan ba, don na ji muryarka a cikinta. Abin da nake tambaya shi ne ko har yanzu dariya take ba ka.

Ka gaishe mini da Maeve da kyau, da ɗanku Tobin, da surukarka. Goggo Bernice tana gaishe ku. Ka gaya wa 'yarku Greta, hoton nan na bara da ta manna a jikin firij ɗinku, wanda nake ɗaga buta ina murmushi, ta cire shi.

Ƙanwarka,
Corinne