Baƙar Dawar da Inna Ta Ƙona

Kaura Namoda,
Lahadi, 9 ga Maris.

Zuwa ga ƙanwata Hannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Umar da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa wa aikinki albarka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci-lokaci. Matata Zulaihat ta sauka lafiya, an samu namiji, an mayar da sunan Baba.

To, Farfesa, sai haƙuri. Ƙunshin da ya iso miki Ibadan kwanakin baya ba shi na haɗa ba. Kin ce in tara miki zangarniyar dawar da burtuntuna ta baƙanta daga gonaki daban-daban, ki gwada a kan irin farfarar Baba, ki gano abin da ya gada wanda ya hana cutar kama shi. Wata biyu na yi ina bin Kasuwar Daji da Shinkafi da Zurmi har na haɗa goma sha huɗu, kowace da takardarta. Na ajiye a ɗakin Inna na tafi neman direba. Ashe ta kwance ƙunshin! Ta ga baƙin gari, ta yi salati, ta juye duka a murhu, ta cika ƙunshin da dawar da ta fi kowace haske a rumbu. Sai da mota ta tashi na gane. Wai ɗiyarta da ake gayyata ƙasashe ta yi jawabi, wadda ɗalibanta ma sun zama daktoci, ba za a kwance mata ruɓaɓɓen hatsi a gaban mutane ba.

Wallahi raina ya ɓaci, ranar ko tuwo ban ci ba. Amma uwa ce, me zan ce? Na zauna na yi mata bayani iya sanina: shekara ashirin kina leƙen hunhuna a madubin bincike, kina duba yadda ƙwayarta ke rabuwa tana yaɗuwa, kuma burtuntuna danginta ce. Na ce in ƙunshin bai isa kafin ruwan farko ba, shekara ta tafi, za a cire irin Baba daga binciken, ga shi dami ɗaya ya rage mana tun da muka daina zuwa gonar daji. Da ta ji sunan Baba sai ta ce in koma in nemo wata.

Na koma nema, amma ina! Kaka ta wuce, kuma wane manomi mai hatsin sayarwa zai yarda gonarsa ta yi burtuntuna? Labbo na Badarawa har rantsuwa ya yi mini. Na dawo hannu rabbana. Inna ta dube ni ta ce namiji bai san hatsi ba sai a buhu, mai sussuka ce ta san abin da ke cikin dami. Washegari, da ƙafar nan tata, ta sa na kai ta Badarawa sunan jikar ƙanwarta. Tsakar gida cike da mata, ta miƙe ta ce ita ruɓaɓɓiyar dawa ta zo roƙo. Aka yi ta shewa, ita kuwa ko a jikinta. Kafin la'asar matar Labbo da kanta ta zaro zangarniya uku daga bayan rumbu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ko da yaron ya fara furfura irina.

Kwana tara muna yawo, yanzu muna da goma sha bakwai. Inna ta ɗaure kowace da tsumma, ja na Badarawa, shuɗi na Zurmi, fari na Kasuwar Daji, ni kuma na rubuta sunan kowace gona. Armiya'u direba zai taso ranar Laraba. In motarsa ta ƙi, ni zan kawo da kaina, ko zan kwana uku a hanya. Kada ki bari a cire irin Baba, Hannatu. Namu mun yi, saura naki.

Gwaggo Lami da Bilyaminu suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Malam Umar, da Nabila da Salim.

A ƙasan kwalin za ki ga ƙulli daban cikin leda, farar dawa mudu biyu. Na hana, Inna ta ƙi. Ta ce wannan ba ta madubi ba ce, ta tuwo ce. Ta kuma ce ki gaggauta, tana so ta ji sirrin irin mijinta da kunnenta, ba a kai mata labari kabari ba.

Ni ne yayanki,
Maccido.