Tukunyarki Tana Kife, Iya

Zuwa ga kakata, Iya mai gyaran amare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mijinki ne na wasa, Auwalu, wanda kika ce ko ruwa aka ba shi sai ya leƙa gindin kofi. Daga ɗakinmu na unguwar Bin Omran a Doha nake rubutu a hutun azahar, kuma na san jama'a za su karanta. Su karanta ɗin, ni na jawo.

Gobe ranar masoya ce. Ba ki san ta ba, kuma ba ki yi asarar komai ba. Tun safe muke shimfiɗa jajayen ƙyallaye a teburan otal ɗin da nake aiki a West Bay. Ni aka ba wa na bakin taga, wai ina da ido. Kyandir biyu a tsakiya, sai furen wardi a watse kamar iska ce ta zubar, alhali ɗaya bayan ɗaya nake jera shi. Sai abincin da suka ce yana motsa sha'awa: cakulan, sitiroberi, dabino a cikin zuma, da wani dodon koɗi na teku da ake kurɓewa ɗanye da lemon tsami. Da kin gan shi da kin tofar da yawu. Ni dai ban yarda da shi ba, ina zargin mai sayarwa ne ya ƙirƙiro labarin. Kuma mutanen nan akwai su da son ba-zata, har zobe suke ba mu mu ɓoye a cikin kek.

Aikin nan ya ɓata mini ido, Iya. Ina tsaye a bayan tebur nake gane wanda ya zo da matarsa da wanda ya zo da wadda ba tasa ba. Na biyun a kife yake ajiye waya. Da wannan idon na fara kallon gidana.

Kin tuna baƙar tukunyarki mai kunne ɗaya? Wadda kike dafa wa amare kaza da sassaƙen ɓaure da minannas da kanumfari, ƙamshi ya cika gida, in na miƙa hannu ki buge shi da ludayi ki ce, "Wannan kazar ba ta maza ba ce, mai ita kaɗai ke cinye ta." Ko cikin tukwane dubu zan gane ta. Da kika rasu a shekarar korona, jirage a tsaye, ban samu ko ɗaukar makararki ba, aka ce matata Rabi kika bar wa ita. Na ji daɗi a lokacin.

A shekarar ne na kira Rabi na ce mata ba zan zo Funtuwa ba, hanya a rufe take. Bayan kwana huɗu muna kiran bidiyo ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, sai ga lalle ja wur har gwiwar hannu. Na ce bikin wa ake yi? Ta ce babu biki. Ana cikin kulle, wa zai yi biki dama?

Shekara ta zagayo, aka sake ɗage mini hutu. Na faɗa mata. Ba a yi mako ba na hango tukunyarki a kan murhu a bayanta, tana tafasa. Ta lura da inda idona yake, sai ta juya wayar ta fuskanci bango. Iya, ranar sau biyu na zuba wa baƙo ruwa a kofin shayi.

Na uku shi ne ya gama da ni. Gasar cin kofin duniya ta matso, oga ya tara mu ya ce khalas, wato magana ta ƙare, babu mai motsawa sai an tashi wasa. Na kira Rabi na ce bana ma ba ni zuwa. Ta ce to, Allah Ya kai mu, har da ɗan murmushi. Murmushin me? Kwana biyar bayan nan ina magana da ita ina jin 'yarmu Ummi tana kuka wai a sam mata nama, uwar tana cewa wannan ba na yara ba ne. Ga kitso sabo, ga kwalbar tsumi a kan taga. Miji ya ce ba ya zuwa, mace ta shiga gyara. Ke da kika san aikin nan ciki da waje, me za ki ce in ɗauka?

Wata guda garin nan yana rawa, tutoci ko'ina, baƙi cike da otal, ni kuwa ina jera wardi ina lissafa mazan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Har mai kawo mana ruwa sai da na saka a ciki, mutumin da a haife ya haife ni. Ban tambayi Rabi ba. Abin da na yi ya fi haka muni: na sa ƙanwata Hadiza ta riƙa zuwa gidan babu sallama, ta gano mini wanda ke shiga.

Zuwa uku Hadiza ta yi, Rabi ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da ita ta ba ta labarin da ni na manta, Hadiza kuma ta juye mini shi duka, tana yi tana zagina.

Hutuna na farko ne, kafin korona. Na kwaikwayi baƙin otal, na ce wa Rabi an hana ni hutu, sai kawai na faɗo gida da akwati. Na same ta tana wanki da tsohon zani, kai rabi a tsefe. Na yi ta dariya, ita ta shige ɗaki ta yi kuka. Ke kuma kika bi ni da muciya har zaure. Abin da ban sani ba shi ne kin koma kin ce mata, "Mijin nan namu maƙaryaci ne. Duk ranar da ya ce ba ya zuwa, ki ɗora tukunya."

Ta riƙe maganarki, Iya. Sau uku tana yin lalle da kitso, ta cinye kaza guda ita kaɗai, ta share ɗaki ta sa turare, tana jin ƙarar kowace mota a layi. Murmushin nan da ya hana ni sukuni, ashe ita a ganinta ta kama ni ne. Ni ina can ina neman kwarto, ashe ni ake jira.

Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba. Kuma don ki san halin jikanki bai gama fita ba, ko da Hadiza ta gama bayani sai da zuciyata ta raya mini ko haɗa baki suka yi. Na yi istigfari.

Yanzu an ba ni hutu na gaske. Ranar Laraba mai zuwa zan tashi. Na tura wa Rabi rana da lokaci, har da hoton tikiti. Ta buɗe, ba ta amsa ba. Yau kwana tara ba ta ɗaga kirana, sai dai ta miƙa wa Ummi wayar. Na roƙi Hadiza ta je, wannan karon da sallama. Ta ce hannun Rabi fari tas, tukunyarki kuma tana kife a kan rufin kicin, har ƙura ta hau ta.

Sau uku na ce ba zan zo ba, ta ɗora. Yau da na ce zan zo, ta kife ta.

Na sayi dabino da zuma, amma na san ba su ne za su gyara ba. In na isa, a zaure zan ajiye akwati in yi sallama, in tsaya har sai an ce in shigo, ko da kuwa zan wuni a nan. Da kina nan da ke zan turo gaba, ki gama zagina sannan ki shiga ki ba ta haƙuri. Na yi kewarki, tsohuwa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki sharrin da kika yi mini na kirana maƙaryaci, ko da yake gaskiya kika faɗa. Allah Ya sanyaya zuciyar Rabi, Ya raba ni da wannan idon. Amin.

Jikanki kuma mijinki,
Auwalu
Bin Omran, Doha