Bugun Rumaisa da Aka Soke

Toledo, Ohio
Lahadi, 14 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa da zan ɗora maka karatun doguwar takarda, alhali jinyar Baba kaɗai ta ishe ka ɗawainiya. Sau uku ina ɗaukar waya zan kira ka ina ajiyewa, don na san muryata ba za ta kai ni ƙarshen zancen ba. Kuma ka san bangon gidan nan, ko tari mutum ya yi ana ji a ɗaya ɗakin. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da Hindatu da su Mubarak. Yaya ƙafar Baba? Allah Ya sa kaffara ce, Ya ba ka ladan zama kusa da shi, ladan da nisa ya hana ni. Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam Habu yana kan hanya da motar kayansa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Tumatirin da ka dasa a bayan gida ya yi 'ya'ya har na gaji da rabawa maƙwabta.

Maganar 'yarka ce, Rumaisa. Na san ranar Laraba ta ce maka tana so ta dawo wurinku kafin a koma makaranta, na kuma san ba ta faɗa maka dalili ba. To dalilin ni ce, kuma gara ka ji daga bakina.

Tun tafiyarka ni ke riƙe da littafin makin ƙungiyarsu ta sofbol, wasan nan na kulki da ƙwallo. Iyayen yara suka ce ba wanda ya dace sai ni, wai ba na hira lokacin wasa kuma rubutuna ba ya karkacewa. Kocinsu Travis har tsokanata yake yi, wai ko masu karɓar haraji ba su kai ni bin ƙwaƙƙwafi ba. Ni dai da aka ba ni amana, sai na zauna na haddace dokokin nan shafi huɗu kamar yadda muka yi hadda muna yara, illa nan babu bulala. Ka tuna doka ta bakwai. Duk yarinyar da ta zo fili sai an sa ta a layin bugu, ta iya ko ba ta iya ba, kuma ba a tsallake kowa. Rashin lafiya kaɗai ke sa a tsallake yarinya, shi ma sai masu littafi na ɓangarorin biyu sun sa hannu. In aka tsallake ta ba uzuri, an fitar da ita ke nan, kuma duk abin da ta bayanta ta buga an soke shi.

Akwai wata yarinya Josie, jikar Loretta mai gidan da ke kallon fili. Bayan tafiyarka ta shigo. 'Yar ƙarama ce mai gilashi, in an ajiye ta can ƙarshen fili furannin ciyawa take tsinka, ƙwallo ta wuce ta gefenta ba ta sani ba. Duk kakar wasan nan kulkinta bai taɓa ƙwallo ba, don da an jefo take runtse ido. Ita ce ta ƙarshe a layi, Rumaisa kuma ta farko, saboda haka in layi ya zagayo, daga Josie sai 'yarka.

Ranar Asabar, mako biyu ke nan, aka yi wasan ƙarshe na kofi. A zagayen ƙarshe sun fi mu da maki ɗaya, sun fitar mana da biyu, saura ɗaya wasa ya tashi, ga yaranmu biyu a gida na biyu da na uku, cikin gidaje huɗun da ake zagayawa kafin a ci maki, suna jiran wanda zai shigo da su. Sai layi ya faɗo kan Josie. Har ta sa hular kwanonta. Ina zaune a ƙarshen benci da littafi a cinya, tsakanina da su bai fi kamu uku ba, Travis ya durƙusa ya raɗa mata cewa ai cikinta na ciwo ko? Yarinya ta ce ba ya yi. Ya ce to yanzu zai fara, 'yar gari, ta je ta zauna a inuwa, in an tashi zai saya mata ƙanƙara mai zaƙi, babbar. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta cire hular ta riƙe a ƙirji. Shi kuwa ya ɗaga murya ya ce da tsoho Walt, alƙalin wasa, lamba goma sha biyu ba ta da lafiya. Rumaisa tana can gefe tana gwada kulki, wallahi ba ta ji komai ba. An kira ta, ta shiga, ta buga, yara biyu suka shigo. Fili ya kaure da ihu, mun ci kofi.

Ana cikin wannan sai Denise, mai littafin wancan ɓangare, ta tako tana taunar cingam, ta miƙo mini nata ta ce in sa hannu a nan, 'yar'uwa, mu watse kafin ranar nan ta gasa mu, Allah Ya ba yarinyar lafiya. Ko kusa ba ta zargi komai ba. Ba wanda ya tambaye ni, Sabi'u, sa hannu kawai ake nema. Na dubi layin, na ga sunana ne zai zauna a ƙarƙashin maganar da na ji da kunnena ƙarya ce. Ka san abin da aka karantar da mu a kan shaida. Fensirin ya ƙi motsi. Na ce mata ta yi haƙuri, ba zan iya ba.

Walt ya zo ya cire abin fuskarsa yana share gumi, ya saurare ni, sannan ya sunkuya ya tambayi Josie ko cikin nata ya yi sauƙi. Ta ce da ma bai yi ciwo ba. Tsohon ya ja dogon numfashi, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa jin haushin doka kamar yau ba, amma ba shi ya rubuta ta ba. Ya fitar da Josie, ya soke bugun, wasa ya tashi, kofi ya koma wancan ɓangare. Travis ya yi jajir kamar gauta, ya ce yara goma sha biyu na sa kuka saboda layi ɗaya a takarda. Wani uba daga cikin 'yan kallo ya ƙwalo mini, wai baiwar Allah ke ɓangaren wa kike? Duk ban ji zafinsu ba kamar lokacin da na hango Rumaisa. Ƙawayenta sun taru a kanta suna tsalle, labari bai kai gare su ba tukuna, tana dariya tana neman idona.

Daga ranar gidan ya yi shiru. Tarbiyyarka ba ta bar ta ba, kullum da safe sai ta ce ina kwana Gwaggo, amma bango take gaisarwa. Ta ci abinci, ta wanke kwanonta, ta shige ɗaki. Malam Habu ya ce in ƙyale ta, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na ƙyale, har ranar da na ji ta ta bango tana ce maka tana son dawowa.

Washegari Alhamis sai ga Loretta da gashin tuffa a faranti, tun daga ƙofa tana rantsuwa babu man alade, sau biyu ta karanta kwalin da gilashinta. Ta zauna a kicin ta ce Travis ya je gidanta da hula a hannu ya ba su haƙuri. Wai tun yana rarrafe ta san shi, ba mugu ba ne, kofi ne ya tsone masa ido, kuma ta faɗa masa in ya sake koya wa jikarta ƙarya da tsintsiya za ta raka shi har mota. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe kullum da yamma Josie na bayan gida da sandar tsintsiya, kakar tana jefa mata safa a dunƙule, tana koyon buɗe ido. Da suka koma gida ranar wasan, yarinyar ta ce ta san da ma ɓatawa za ta yi, amma ai ɓatawar tata ce. Loretta ta kama hannuna ta ce a duk filin nan ni kaɗai na tuna layin jikarta ne.

Godiyar nan ta fi zagin wancan uban ƙona ni, don akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tsakanin raɗar Travis da bugun Rumaisa akwai lokaci. Jifa uku aka yi mata. Da na miƙe tun farko na ce Walt dakata, da Josie ta shiga ta yi rabonta. Wataƙila ta ɓata mu faɗi kamar yadda kowa ke faɗuwa. Wataƙila ma, da yake gajeriya ce masu jifa na shan wahalar saita ta, a ba ta gidan farko kyauta, Rumaisa ta shigo da halalinta. Amma na yi shiru. Ba tsoron Travis na ji ba. So nake in ga 'yata ta buga. Na bari aka ɗora mata abu a hannu, sannan ni da kaina na fizge. Tun ran gini ran zane, ni kuwa sai da gini ya bushe na zo da zanena. Mutane na cewa na yi gaskiya, ni na san rabinta na yi, rabin ma a makare.

Jiya Asabar kitsonta ya tsufa, ba yadda za ta yi, ta ɗauko kibiya da man kai ta zauna tsakanin ƙafafuna. Da yake ba fuskata take kallo ba, sai na samu ƙarfin hali. Na faɗa mata duka, yadda na faɗa maka yanzu, na ce sa hannun da na ƙi ba zan nemi gafararsa ba, amma shirun da na yi kafin nan ina neman ta yafe mini. Can ta ce in sassauta hannu, ina ja mata gashi. Na sassauta. Sai da na gama layi biyu ta ce, wato dai Gwaggo kin kalla? Na ce ko ƙiftawa ban yi ba. Ta ce ita ba ta ga inda ƙwallon ta sauka ba, gudu take yi, kuma tun ranar ba wanda ya yarda ya yi mata zancen. Na kwatanta mata. Ta ce tunda na goge shi a littafi, to in rubuta wa babanta da hannuna, don ni ko an sa mini wuƙa ba zan ƙara gishiri ba. Ban sani ba ko yabo ne ko baƙar magana, na dai karɓa.

To ga shi, Sabi'u. Jifan farko ta bar shi ya wuce, don ya yi ƙasa. Na biyu ta kai masa ta ɓata, sai ta fita daga layi ta goge tafin hannunta a wando, ta gyara ɗankwalinta a ƙarƙashin hula, leɓenta na motsi, na san bismilla take yi. Na uku ta jira shi har na ce ya wuce ta, sannan ta juya da dukkan jikinta. Ƙarar ba irin wadda aka saba ji a filin yara ba ce. Ƙwallon ta bi ta saman kan mai tsaron gida na biyu, ta sauka tsakanin 'yan baya biyu, ta gangara har gindin wayar shinge inda allon mai sayar da taya yake. Yarinyar da ta bi ta sai da hularta ta faɗi. Kafin a dawo da ita 'yarka tana tsaye a gida na biyu, hannu a ƙugu, tana haki. Na gani da idona, kuma wannan zan sa masa hannu ko a gaban wa.

Yau da safe da ta gaishe ni, ni ta kalla. Amma ba ta janye maganar dawowa ba, ni kuma ban tambaye ta ba, don kada kunya ta sa ta faɗi abin da ba shi ke ranta ba. Takardar shiga wasan kaka tana manne a jikin firji, ba ta cike ba, ba ta kuma yar ba. Ranar ashirin da shida ga wata ake rufewa, kuma izinin uba ake nema. Ba zan roƙe ka ka bar mini ita ba. Allah bai ba ni haihuwa ba, ku kuka ba ni aron wannan, kuma mai aro ba ya gardama in mai kaya ya zo. Abin da nake roƙo shi ne ka kira ta lokacin da ba na gida, ranar Talata ko Alhamis da hantsi, ka tambaye ta a hankali, kai da Hindatu. In ta ce tafiya, ni zan haɗa mata kaya da hannuna, in yi mata sabon kitso, ba za ta ga hawayena ba sai jirgi ya tashi.

Ka durƙusa ka gaishe mini da Baba, ka ce ina nan ina yi masa addu'a bayan kowace salla. Ka gaida Hindatu da ɗawainiya, da Mubarak da Ummi, da Yaya Lantana da mutanen gidanta, da Kawu Ɗanjuma in ya leƙo. Malam Habu yana gaishe ku.

Don Allah kada ka bar ni ina jira. Duk abin da kuka yanke, ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Zuwaira