Takalmi Ƙafa Ɗaya

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na koma aji, ni da furfurata. Ɗaki ne a saman kantin magani, fanka ɗaya mai kukan tsufa, kujerun roba. Sauran ɗaliban duk sa'o'in 'yata Auta ne, masu neman hanyar fita waje. Malama ta tambayi abin da ya kawo ni koyon Sifaniyanci, na ce kasuwanci. Ko ƙifta ido ban yi ba. Mutumin da ke sa mai babbar ƙafa ya yarda cewa ƙaramin takalmi "zai buɗe", wannan ba za ta ba shi wahala ba.

Gaskiyar, nan kaɗai zan rubuta ta. Matar ɗana Dogo za ta kawo yarinyar farkon wata mai zuwa. Jikata, shekararta shida, ban taɓa riƙe hannunta ba. Tun da aka binne ubanta a can ƙasar uwarta, in uwar ta kira a waya mai hoto ta ce ta zo ta gaida kakanta, sai ta leƙo, da na buɗe baki ta ruga bayan labule. Uwar ta ce zuwan nan alkawari ne ta yi wa Dogo. Zuwa ɗaya ta ambata. In yarinyar ta tafi ba ta saba da mu ba, babu na biyu.

Na sha sayar wa wanda ya shigo fakewa ruwan sama takalmi. Wannan ma ciniki ne.

Laraba, 3 ga Satumba

An ce kowa ya faɗi abin da yake so. Na riga na gane dabararsu: in kai ne mai yin abu, sai ka ƙare kalmar da o. Vendo, ina sayarwa. Hablo, ina magana. Sai na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce, "Yo gusto zapatos."

Malama ta dafa allo tana dariya. "Baba, ka san me ka fara cewa? Wai kai ne ke burge mutane."

Na ce, "To Malama, ƙarya na yi?"

Ashe a yaren nan ba kai ke yin son ba, abin ne ke yi maka. Me gusta el zapato, takalmin ya burge ni. Me gustan los zapatos, takalman sun burge ni. In kayan ɗaya ne, gusta. In sun fi ɗaya, sai a liƙa wata 'yar n a wutsiya. Kalmar ba ruwanta da mai saye, kaya take bi tana ƙirgawa.

Na ce mata ai wannan karatun kasuwa ne. Kaya ke kama mutum, shi kuma ya ɗauka shi ya zaɓa.

Asabar, 6 ga Satumba

Mai agogo, maƙwabcin rumfata, ya ji ina ta gustan gustan ni kaɗai. Ya ɗago da gilashinsa a ido ɗaya ya ce, "Mai takalma, aljanun naka yau Turawa ne?" Na ce ya ji da agogonsa da ba su taɓa yarda da juna ba.

Talata, 9 ga Satumba

Tsohuwata, uwar Dogo, ta buɗe ɗakinsa tana shanya katifa. Ba ta taɓa tambayata yaya karatu ba. Yau dai, tana juya mini baya, ta ce, "Malam, yaya ake cewa kin yi kama da babanki?"

Na ce ba mu kai nan ba tukuna.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na tambayi Malama, in mutum ne ya burge ka fa? Ta ce nan ma shi kalmar za ta bi: me gustas, kin burge ni. Amma wai in yi hankali, wannan maganar samari ce a ƙofar gidan budurwa. Na ce ai daidai ke nan, amarya ce za a kawo mini, tsohuwar ta ishe ni. Aji ya kwashe da dariya. Malama ta dube ni ta ce, "Ashe ba kasuwanci ba ne." Na ce amarya ai ita ce babban kasuwanci.

Da ƙyar na sha.

Litinin, 15 ga Satumba

Gusta tana da 'yan'uwa masu irin halinta. Duele, abin da ke yi maka ciwo. Kai ɗaya ne, me duele. Ƙafafu biyu ne, me duelen. Sai kuma queda, abin da ya rage maka. Malama ta yi misali da ni: in ƙafa biyu-biyu har kashi uku suka rage a rumfa, me quedan tres pares. In kashi ɗaya ne, me queda un par.

Tun ranar farko da aka ce kowa ya gabatar da kansa nake cewa tengo dos hijos, ina da 'ya'ya biyu. Tengo mutuniyar kirki ce, kai ke da ita, abin da ka ce shi ke nan. Queda kuwa irin mai sayen nan ce da ke zuwa da ma'auninta daga gida.

An ce kowa ya kawo jimla da ita. Na kawo ta takalma.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ban je aji ba. Na aika cewa ƙafafu ne. Ba ƙafafu ba ne.

Laraba, 24 ga Satumba

Na zaɓo mata takalmi. Ja, mai maɗauri a gefe, cikinsa laushi, ba irin na gaban rumfa ba. Daga hoton da ke wayata na auna ƙafar. Mai agogo ya ce, "Ka tambayi uwar lambarta mana, bakinka ciwo yake?" Na ce ni? Tun ba a haifi uwar ba nake kallon ƙafafun mutane.

Na tsara jawabina ma, layi huɗu, Malama ta gyara. Ina haddace shi a hanya kamar mai zuwa gaban alƙali.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sun iso.

Fuskar ta uwarta ce. Na ce alhamdulillahi, abin zai zo da sauƙi. Sai ta tako daga mota zuwa ƙofa. Ƙafar hagu tana ɗan karkatowa ciki, dunduniyar takalmin ta cinye ta gefe guda. Na sauya wa Dogo irin wannan dunduniyar ban san iyaka ba, ina yi ina yi masa faɗa.

Tsohuwata ta rungume ta da kuka, yarinya ta firgita ta shige bayan uwarta. Jawabina layi huɗu, ko harafi ɗaya ban samu ba. Abin da ya fito kawai, "Me gusta." Ban ma nuna komai ba. Matar Dogo ta durƙusa ta ce, "Sannu, Baba," da irin Hausar da ya koya mata, har da yadda yake jan sannun.

Na ce zan duba ko an kulle rumfa. An kulle tun la'asar.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na baje kolina. Alewa: no me gusta. 'Yar tsana: no me gusta. Uwar take gaya wa, ba ni ba. Ko ba komai ina gane ƙin da ake yi mini, karatu bai tafi a banza ba.

Da yamma na ɗauko lemo biyu na miƙa, na ce, "¿Te gusta las naranjas?"

Ta dube ni. Ni, ba uwar ba. Ta haɗe gira ta ce, "Gustan." Ta ja n ɗin har sai da hancinta ya motsa, ta ɗaga yatsu biyu a gaban idona, kamar mai fama da daƙiƙin ɗalibi.

Wallahi kuskuren gaske ne na farkon. Na biyu da na uku da na bayansu, ni na san yadda aka yi. Tsohuwar dabara ce: ka bar wa mai saye ɗan aibin da zai gano da kansa, ba zai bar rumfar ba sai ya gama nuna maka wayonsa. Kafin magariba ta gyara ni a kan cokula, kaji, da maɓallan rigata. Ta gaya wa uwarta wani abu, uwar ta toshe baki. Wai kakan nan kansa da tauri.

Ba ta ci lemon ba. Amma ta riƙe.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na kai su rumfa. Ta jera takalma a ƙasa tana koya mini: ta ɗaga ɗaya, in ce gusta, ta ɗaga biyu, in ce gustan. In na ci biyu sai in faɗi ɗaya, kar malamata ta rasa aiki. Mai agogo ya leƙo ya ce, "Yau ga wadda ta fi ka baki." Ya ba ta wani mataccen agogo, ta ɗaura a dantse.

Can ta tsaya, ta waiwaya ta dubi takalman da ke rataye har rufi, ta ce, "¿A papá le gustan?" Suna burge babana?

Uwar ta ce a hankali, "Gustaban." Ba mu kai nan a aji ba, amma ba sai an fassara mini ba. Wutsiyar abin da ya wuce ce.

Yarinya na jiran amsa daga gare ni. Amsar ciniki a bakina take: sosai ma, nan yake wuni, ga kujerarsa. Alhali Dogo ya tsani rumfar nan. Warin roba na sa shi ciwon kai, in na aike shi ɗauko lamba talatin da takwas sai ya kawo tamanin da uku in da akwai.

Na ce, "No. No le gustaban."

Matar Dogo ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta zauna a kan kwali. Ta ce, "Gaskiya, Baba. Ya faɗa. Wari." Ta toshe hanci yadda yake yi. Yarinya ma ta toshe nata. Muka zauna mu uku da hanci a toshe, masu wucewa na kallo.

Ban taɓa maganarsa da wutsiyar da ta wuce ba sai yau. Da yaren wasu ma.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ba ta jan takalmin. Ta sa, ta taka, dunduniya na fita tana komawa. Yatsana biyu sun shige ta baya. Ni, mai auna ƙafa da ido.

Ta ce, "Me gustan, abuelo. Pero me quedan grandes."

Na gane duka, tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya taimake ni. Sun burge ni, Kaka, amma sun yi mini yawa. Ashe quedan har wannan aikin take yi. Na buɗe baki zan ce ai gara haka, ƙafa girma take, maganar da na yi wa iyaye dubu. Amma ban san ta da yarensu ba.

Bayan an ci abinci na tambayi uwar, za ku dawo? Ta daɗe tana juya kofi. Ta ce, "Baba, ban sani ba. Nisa. Aiki." Na san "zan dawo" ta mai saye, na san nauyinta. Ita ko wannan ba ta ba ni ba. Ban ji haushinta ba. Da 'yata ce, haka zan so ta yi magana.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sun tafi da hantsi.

An gama sa kaya a mota, sai yarinyar ta zuge jakarta ta ciro jan takalmin, ƙafar hagu, ta tura mini a ciki. Ta ce, "Uno tú, uno yo." Ɗaya kai, ɗaya ni. Ta ƙara wata doguwar magana da sauri, uwar ta fassara: wai in ƙafarta ta kai, za ta zo ta karɓi ɗayan, kar in sayar.

Na ce ta gaya mata ba a sayen ƙafa ɗaya.

Tsohuwata ta ce, "Maganar yara ce, Malam, kar ka ɗora rai." Na ce wa ya ɗora? Ita da ta hana a wanke kofin da yarinyar ta sha ruwa.

Litinin, 13 ga Oktoba

An naɗe katifar. Lemo biyu na nan a kan taga, sun fara yamushewa.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na je aji. Ban san me ya kai ni ba, ƙafa ce ta saba da matakalar.

Bita ake yi, kowa ya kawo jimla biyu da queda. Da aka zo kaina na ce, "Me queda un zapato." Malama ta ce, "Un par kake nufi, Baba?" Na ce a'a, ƙafa ɗaya. Ta ce to, ta biyu.

Na ce, "Me queda una hija." 'Ya ɗaya ta rage mini.

Wata yarinya a baya ta ce, "Baba, ba biyu ka ce ba? Ai da n ne." Na ce, "Babu n, 'yata." Malama ta juya ta daɗe tana goge allon da babu rubutu a kai.

A rumfa na ɗora jan takalmin a saman kanta, inda rana ba ta kaiwa. Wata mata ta gani ta ce a sauko mata da shi, ina ɗan'uwansa? Na ce an riga an kama. Mai agogo ya buɗe baki, ya dube ni, ya mai da gilashinsa ido.

Malama ta ce wata mai zuwa za a shiga yadda ake faɗin abin da bai zo ba tukuna. Na ce a bar mini kujerata ta kusa da taga. Saboda kasuwanci.