Inna da Jinjirin Watan London

Dagenham, 24 ga Rajab

Assalamu alaikum Yaya Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Hamdatu da yara. Ka yi haƙuri da rubutun hannu, ka san ni da danne-dannen waya. Hoton takardar kawai na iya ɗauka in turo.

Idon Inna na dama da aka cire wa yana ya warke, alhamdu lillahi. Na hagun an ba mu appointment na aiki tsakiyar azumi. To amma Inna ta ce ba za ta jira ba. Wai tun da ta zo ba ta ga wata ba, daga gajimare sai gini, kuma ita ba ta taɓa ɗaukar azumi da saƙon waya ba. "Ku mai da ni inda Allah ya rataye wata," in ji ta. Har ta ɗaure kayanta. In aka yi cancel, ƙarshen layi za mu koma, idon kuwa kullum ƙara rufewa yake. Don Allah ka yi mata magana, kai take ji.

Allah ya ƙara girma.
Ƙanwarka, Karimatu

Zariya, 26 ga Rajab

Karime,

Wa alaikumus salam, duk muna lafiya. Ni take ji? Na kira ta, ta ce in ban turo tikiti ba da ƙafa za ta tako. Na kama mata kujera a jirgi dai, don ta bar ni in sha ruwa.

Ga shawara. Ranar da aka sanar da ganin watan azumi, ki leƙa waje ki dawo ki ce kin gani. Ke ce malamar gidanmu, ba za ta musa miki ba. Ido fa ake magana, kar ki tsaya dogon wa'azi.

A gaida maigidan.
Yayanki, Maharazu

Dagenham, 3 ga Sha'aban

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa, Allah ya yafe maka wannan shawara. Na juya ta na juya, bakina ya ƙi. Shaidar ganin wata ce fa, ibadar tsohuwa za ta hau kai.

Na kai kukana wurin ƙawata Fulera, 'yar Kumasi mai shago a Deptford. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, Inna yana son wata? To kai shi sama mana!" Ashe akwai cable car, wani ɗan ɗakin gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, yana tsallaka kogin Thames ta can saman gine-gine. Yaya, ni da ko lif na hawa bene na shiga sai na rufe ido. Amma na yi alkawari da Inna: mu gwada da watan Sha'aban, in ta gan shi da idonta, ta zauna.

Ranar farko gajimare ya rufe ko'ina. Inna ba ta ce komai ba sai, "Hmm. Allah ya kai ni gida." Na dawo jikina a sanyaye.

Washegari muka koma daidai faɗuwar rana, da alwalarmu, na naɗe ta da bargo a keken da nake tura ta a ciki. Da ɗakin ya bar ƙasa ya fara lilo, na riƙe ƙarfe na kama Ayatul Kursiyyu. Inna ta ce, "Ke, buɗe ido! Kin zo ganin wata ko kin zo mutuwa?" Fulera kuwa gabas take ta leƙe, Inna ta zungure ta da sanda: "Yarinya, a garinku ta nan yake fitowa? Juyo yamma!"

Muna tsakiyar kogi, sama ta tsage ja a bayan dogayen benaye. Ni ban ga komai ba. Sai Inna ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta miƙa yatsa.

"Ga shi can! Ga ɗan nema can, siriri kamar farce!"

Wallahi Yaya, shi ne. Ta riga mu duka, da sabon idon. Ta karanta addu'ar ganin wata, sannan ta rangaɗa guɗa, har wasu Turawa biyu da muke tare suka tafa mata ba su san dalili ba. Ni ma na saki ƙarfen ban sani ba.

Da muka sauka muka yi magariba, ta ce, "Ashe suna da shi, ɓoye shi suke yi. Na azumi ma nan za ki kawo ni, kuma da ido biyu zan ga na Salla."

Ta kwance kayanta da kanta.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Karimatu

Zariya, 4 ga Sha'aban

Malama Karimatu,

Salamu alaikum. Na sara miki. Na fasa tikitin. Inna ta kira ni, ta kira liman, ta kira rabin unguwa, yanzu kowa ya san ta hau sama a kan igiya.

Ranar aikin, ki kira ni kafin a shiga da ita.

Allah ya yi miki albarka.
Yayanki, Maharazu