Maganar da Kika Ɗora wa Sunusi a Filin Jirgi

Najma, Doha
Ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen gidanmu na Tudun Wada. Na ji an ce ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana takawa zuwa zaure, Allah ya ƙara mata lafiya. Na kuma ji Bilkisu ta sauka lafiya, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Ni ma ƙalau nake, sai dai zafin garin nan da ba a sabawa da shi, da tuƙin motar 'yan wasa da ya fara cin bayana.

Na san za ki ce me ya kai Sabo rubuta takarda ga waya a hannu. Ke kika jawo. Duk ran da na kira na ɗauko maganar Sunusi, sai ki tare ni da Allah ya yi masa albarka, ki ce an nuna miki hotonsa a waya yana dariya, kafin in haɗiye yawu kin miƙa wa yara su gaishe da kawu. Takarda kuwa ba za ki katse ta ba. Bashiru maƙwabcina zai tashi zuwa Kano gobe, ya yi min alkawarin sa ta a hannunki ranar Asabar.

Yaya, ɗanki yana cikin matsala, kuma raina a ɓace yake ƙwarai. Shekara huɗu ke nan Sunusi yana buga wa kulob ɗin nan hoki, babu wanda ya kai shi zura ƙwallo, kofi biyu ya ciyo musu da sandarsa. Motar da nake tuƙawa ma hotonsa ne manne a jikinta, daga taya har rufi. Wata biyar da suka wuce gwiwarsa ta gurɗe a fili, aka yi masa aiki, wannan kin sani. Abin da ba ki sani ba shi ne ya warke sarai tun wata biyu. Roseline, wata nas 'yar Pankshin da ke asibitin da ake duba 'yan wasanmu a Al-Sadd, ita ta gaya min da Hausa ƙiri-ƙiri cewa likita ya sa hannu tuni, yaron ya fi da ƙarfi. Amma har yau ko minti ɗaya ba a sa shi wasa ba.

Yarjejeniyarsa da su za ta ƙare ƙarshen watan nan, katin zamansa ma haka, don kulob ɗin ne kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Ba su ce zauna ba, ba su ce tafi ba. In aka tambayi mudir, wato shugaban kulob ɗin, sai ya ce insha Allah, gobe. Wannan goben na ji ta ya fi sau ashirin. Suka ɗauko wani sabon ɗan wasa daga Pakistan suka ba shi riga mai lamba tara, rigar Sunusi, ko a gaya masa. Shiga ya yi ɗakin canza kaya ya tarar da ita a jikin wani. Da 'yan jarida suka tambaya, aka ce Sunusi ɗan gida ne, ana kan tattauna makomarsa. Ƙarya ce, wallahi, babu wanda ya zauna da shi. Sun ajiye shi ne kamar tayar ajiya a bayan mota, in baƙon ya kasa su ɗauko shi, in ya yi kyau su yar da shi. Ciyawar robar da suke wasa a kai, sau biyu ake tunawa a ba ta ruwa kowace rana, amma ɗan mutum an kasa ba shi amsa guda.

To ga inda abin ya fi min ciwo. Wani kulob a Oman yana son sa, kocinsu da kansa ya zo ya gan shi yana gudu ya yaba. Abu ɗaya ya rage, takardar sallama da mudir zai sa wa hannu, kuma ranar Alhamis ta mako mai zuwa za a rufe rajistar 'yan wasa a can. In ta wuce, Sunusi zai zauna shekara guda babu wasa, mutumin da ke shekara ashirin da tara, ga tabon aiki a gwiwa. A wannan sana'a hakan daidai yake da an gama da shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na cire kunya na tafi majalisar mudir a Gharrafa. Aka ba ni gahawa, na haɗa guntun Larabcina na roƙe shi ya saki yaron. Kin san abin da ya yi? Dariya ya yi. Ya ce in Sunusi ya zo ya nema da bakinsa, nan take zai sa hannu, amma ya san ba zai zo ba. Sannan ya juya wajen baƙinsa ya fara ba su labarinki, Yaya, ke da ko taswirar Ƙatar ba ki taɓa dubawa ba. Ya ce yaron nan yana da uwa ta gari a Afirka, wadda ta hana shi barin wanda ya ɗauke shi. Suna ta masha Allah, ni kuwa ina ji kamar in jefe shi da kofin gahawar da ke hannuna. Ban jefar ba don ni ma shi ne kafil ɗina. Da zan fita ya dafa kafaɗata ya ce khalas, wato magana ta ƙare, in tsaya ga sitiyarina.

Kin tuna ranar da muka raka shi filin jirgi a Kano? Kika riƙe wuyan hannunsa kika ce mutumin da ya ɗauko shi daga filin makaranta a Zariya, kada ya kuskura ya buɗe baki ya ce zai bar shi sai in shi ya sallame shi, in ya yi ba ki yafe ba. Ina tsaye a wurin, har na ce ƙwarai kuwa, saboda haka da ni a cikin laifin. Ashe ranar walimar kofinsu na farko Sunusi ya tashi ya faɗi wannan magana a gaban kowa, don ya girmama ki ya girmama mudir. Mutumin ya ji, ya ajiye ta a ransa, yanzu da ita yake ɗaure shi. Maganar da kika yi da zuciya ɗaya ita wani ya mayar igiya, shi ya sa na kasa cin abincin kirki tun Juma'a.

Na same shi na yi masa faɗa, na kira shi sakarai, na kira shi abin da ba zan rubuta ba. Kansa a ƙasa, kin dai san halinsa. Ya ce ya gwammace ya dawo Zariya ya tura baro da ya taka maganar Umma, kuma ya haɗa ni da Allah kada in gaya miki, wai kada hawan jininki ya tashi. To ga shi na gaya miki, ya yi fushi da ni in ya ga dama. Kullum yana zuwa atisaye da riga marar lamba. Ƙofar motar a daidai ƙirjin hotonsa take, sai ya sunkuya ya shiga ta nan, ya wuce kujerarsa ta gaba da baƙon ke kai, ya je can baya ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ina kallonsa ta madubi ina jin kamar in taka birki in sauke kowa.

Ba na ce kin yi kuskure da tarbiyya ba. Irin ubangidan da kika sani kike tunani, wanda in ya riƙe yaro zai riƙe shi har aure, har ciwo, har mutuwa. Wannan ba irinsa ba ne, kuma ke ma ina jin haushinki kaɗan, don wata biyu ina neman kunnenki kina tare ni da sa masa albarka. Abin da nake roƙo guda ne. Ki kira Sunusi, kada ya wuce Talata, don a samu ranar kai takarda. Kada ki aiko ta bakina ko ta bakin Malam, ba zai karɓa ba, zai ce tausayinsa muka ji. Kada kuma ki tsaya ga Allah ya zaɓa mafi alheri, ya daɗe yana jin wannan. Ki faɗa masa a fili cewa kin janye maganar filin jirgi, kin yafe, ya je ya nemi takardarsa.

Ki gaida Inna, ki ce tana cikin addu'ata. Ki gaida Malam, da Bilkisu mai jego da angon ƙarni, da Abdul-Razak, da Nusrat da na ji ta fara ɗinki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kada ki ce kina tsoron kira a lokacin da yake fili. Ko yaushe kika kira zai ɗauka, Yaya. Yanzu ko ana wasa a benci yake zaune, wayar tana hannunsa.

Ƙaninki,
Sabo