Ina Neman Tsaga a Daɓen Ƙanina

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan yana cina a rai. Ni mai ɗaurin rodi ne. Tun ina saurayi nake durƙushe da filaya da waya har gwiwoyina suka yi kanta, kuma ni na koya wa ƙanina riƙon filaya. Yanzu ya koma wajen masu zuba daɓen manyan ɗakunan ajiyar kaya na kamfanoni, inda ba a shimfiɗa ragar rodi. Wasu guntayen wayoyin ƙarfe ake juyewa cikin motar kankare, a zuba, a goge, shi ke nan. Ni allurai nake ce musu. Na yi ta dariya, na ce ba za a je ko'ina ba daɓen zai dare.

Shekara ta zagayo bai dare ba. Motocin ɗaga kaya na ta zirga-zirga a kai da lodi, ko gezau. A gida kuwa ba a da zance sai nasa. Mahaifiyarmu, da ba ta taɓa tambayata aikina ba, yanzu hoton daɓe take nuna wa baƙi a wayarta. Daɓe fa, Anti.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. In na je wajensa, gaisuwa a baki, idona a ƙasa, ina neman tsaga. Ran nan na ga wata siririya kamar gashi a gindin ginshiƙi, wallahi sai da na ji sanyi a raina. Ban faɗa masa ba. Ga shi ya samu sabon aiki, ya ce in zo mu yi tare, shi ne shugaba. Na daina ɗaga wayarsa. Wanda na goya ne zan koma ina ce wa oga?

Mai Filaya

Ɗan'uwa Mai Filaya, ciwonka na gaske ne. Sana'ar da ka ƙare ƙuruciyarka a kanta tana sauyawa, gida kuma sun manta wanda ya fara ɗora ƙaninka a hanya. Amma shi bai manta ba, shi ya sa ya kira ka.

Na tambayi wani injiniya. Ya ce ko a irin wannan daɓen, sau da yawa ana ƙara rodi a gindin ginshiƙai da bakin ƙofa, don nan tsaga ta fi son farawa. Ka ga ke nan ba sadaka yake maka ba, hannunka yake bukata.

Ka kira shi yau, ka fara da tsagar nan kafin ta buɗe ta zubar masa da mutunci. Sannan ku yi magana a fili kan ɓangaren aikin da kowa zai riƙe. A wajen aiki ka bi tsarinsa, a gida girmanka na nan. Idon nan da kake yawo da shi kana neman aibu, ka kai shi wajen aikin kafin a zuba kankare, lokacin da zai yi amfani. Allah Ya haɗa kanku, Ya sa wa aikin albarka.